Zaɓen Gwajin Ƙididdiga Wajen Kwatanta Rukunoni a Kan Ma'aunin Matakai

1.0 Gabatarwa

Ɗaliban harshe da dama, idan suka zo rubuta kundin neman digiri, sukan yi amfani da takardar tambayoyi wadda ake neman mai amsawa ya zaɓi mataki ɗaya daga cikin biyar ko bakwai. Wani lokaci ra'ayin jama'a ake nema a kan wani harshe ko karin harshe, wani lokaci kuma ana so a ji ko wata jumla ta zauna daidai a kunnen masu harshen. Tattara irin waɗannan amsoshi ba shi da wuya sosai. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen kwatanta rukunoni: shin amsoshin matasa sun bambanta da na dattawa? Shin na mazauna birni sun bambanta da na mazauna ƙauye? A nan ne ɗalibi kan buɗe manhajar ƙididdiga a kwamfuta ya tarar da dogon jerin gwaje-gwaje, sai ya ɗauki wanda ya gani a kundin wani, ko kuma ya yi ta gwada su ɗaya bayan ɗaya har ya dace da wanda ya ba shi sakamakon da yake so. Duk hanyoyin nan biyu suna iya sa shi ya faɗi abin da bayanansa ba su faɗa ba.

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa tsarin binciken ne ke ƙayyade gwajin da ya dace, kuma ana iya sanin wannan gwaji tun kafin a raba takardar tambayoyi ko guda. Lambobin da ke cikin misalan takardar an tsara su ne domin koyarwa kawai, ba sakamakon wani bincike ba ne.

2.0 Ma'aunin Matakai da Ma'anar Lambobinsa

Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne wanda Rensis Likert, masanin halayyar ɗan Adam daga Amurka, ya bayyana a shekarar 1932. Ana rubuta wata magana, sai mai amsawa ya nuna iyakar yardarsa da ita, kamar haka:

(1) Ya kamata a koyar da yara da harshen uwa a shekarun farko na firamare.
1 = sam ban yarda ba; 2 = ban yarda ba; 3 = ina tsaka-tsaki; 4 = na yarda; 5 = na yarda ƙwarai.

Masu nazarin ginin jumla su ma sun ari wannan tsari, inda mataki na 1 ke nufin "ba a faɗar haka ko kaɗan", na 5 kuma "haka ake faɗa".

A shekarar 1946, S. S. Stevens na Jami'ar Harvard ya kasa ma'aunai gida huɗu. Na farko shi ne ma'aunin suna, inda lamba take laƙabi kawai, kamar a ba Kananci 1, Sakkwatanci 2, Damagaranci 3. Na biyu ma'aunin jeri, kamar matsayin ɗalibai a aji: an san na ɗaya ya fi na biyu, amma ba a san da maki nawa ya fi shi ba. Na uku ma'aunin tazara, kamar awon zafi da digiri, inda nisan da ke tsakanin 20 da 25 daidai yake da wanda ke tsakanin 30 da 35. Na huɗu ma'aunin ninki, kamar tsawon wasali da ake aunawa da milisakan, inda za a iya cewa wasali mai 160 ya ninka mai 80.

Amsar tambaya irin ta (1) tana cikin gida na biyu. Babu wata hujja da ke tabbatar da cewa nisan da ke tsakanin "ban yarda ba" da "ina tsaka-tsaki" ya yi daidai da wanda ke tsakanin "na yarda" da "na yarda ƙwarai" a zuciyar mai amsawa. Mai bincike ne ya liƙa wa matakan 1, 2, 3, 4, 5, kuma da zai liƙa musu 1, 2, 3, 4, 10, jerin bai ɓaci ba. Amma a duba abin da hakan ke yi wa matsakaici, wato jimillar amsoshi da aka raba da yawan masu amsawa:

(2) Rukunin A: 4, 4, 4, 4. Rukunin B: 2, 2, 5, 5.

A lambobin farko matsakaicin A shi ne 4, na B kuma 3.5, ke nan A ne a gaba. Idan aka mayar da 5 ta koma 10, matsakaicin B ya zama 6, sai ya wuce A. Ba wanda ya sauya amsarsa, amma sakamako ya juye. Wannan ne dalilin da ya sa aka samar da gwaje-gwaje iri biyu: gwaje-gwajen matsakaici, waɗanda suka ɗauka cewa tazarar matakai daidai take, da gwaje-gwajen matsayi, waɗanda ba su duba komai sai wace amsa ce ta fi wata.

2.1 Tambaya Guda da Tarin Tambayoyi

Abin da Likert ya tsara tarin maganganu ne da ke auna ra'ayi guda, a haɗa makinsu. Idan tambayoyi goma ne masu matakai biyar-biyar, jimillar makin mutum za ta kama daga 10 zuwa 50, wato akwai maki 41 da zai iya samu. Irin wannan jimilla ta fi kusa da ma'aunin tazara, kuma masana da yawa sun amince a yi mata gwajin matsakaici. Sai dai akwai sharuɗɗa biyu. Dole a juya makin maganganun da aka rubuta a kishiyance, ta yadda 5 za ta koma 1, 4 ta koma 2. Haka kuma dole a nuna cewa tambayoyin abu ɗaya suke aunawa, kuma awon da aka saba amfani da shi a nan shi ne alfa na Cronbach na 1951, wanda bisa al'ada ake so ya kai 0.7 ko ya wuce. Bai dace a haɗa tambaya a kan daɗin wani karin harshe da wata a kan amfaninsa wajen neman aiki don kurum suna shafi ɗaya ba.

3.0 Jadawalin Amsoshi Kafin Kowane Gwaji

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Aikin farko shi ne a zana jadawali da ke nuna mutum nawa, kuma kashi nawa cikin ɗari, suka zaɓi kowane mataki a kowane rukuni. Ga abin da zai iya kuɓuce wa wanda ya tsallake wannan aiki:

(3) Rukunin A: mutum 10, dukkansu sun zaɓi 3. Rukunin B: mutum 10, biyar sun zaɓi 1, biyar sun zaɓi 5.

Matsakaicin kowane rukuni 3 ne. Gwajin matsakaici ba zai ga bambanci ba, gwajin matsayi ma haka. Amma rukunin A kansu a haɗe yake a tsakiya, rukunin B kuwa ya rabe gida biyu masu hannun riga da juna. Ga mai nazarin karin harshe wannan shi ne babban sakamako, domin yana iya nuna cewa an cuɗanya masu kari biyu a rukuni ɗaya ba a sani ba.

Jadawalin zai kuma fito da matsalolin tattara bayanai. Idan amsoshi suka taru a mataki na 3, sai a binciki ko masu amsawa sun ɗauki "ina tsaka-tsaki" a matsayin "ban sani ba", waɗanda ba abu ɗaya ba ne. Idan suka taru a 4 da 5 a kowace tambaya, musamman inda aka karanta wa mutane tambayoyin baki da baki, mai yiwuwa kara ce ta hana su musanta baƙon da ya zo musu da takarda. Babu gwajin da ke gyara wannan bayan an gama.

4.0 Tambayoyi Uku da Ke Kai Ga Zaɓi

Kowane gwaji yana farawa ne da hasashen cewa babu bambanci tsakanin rukunonin a cikin al'ummar da aka ɗebo su. Sai ya lissafa wata ƙima da ake kira p, wadda ke amsa wannan tambaya: in da gaske babu bambanci, sau nawa za a ci karo da rata kamar wadda aka samu, ko wadda ta fi ta, ta hanyar dace kawai? Tun zamanin littafin R. A. Fisher na 1925 aka saba ɗaukar 0.05 a matsayin iyaka. Idan p ta gaza haka, akan ce ba a ɗora bambancin a kan dace ba.

Tambayoyin da ɗalibi zai yi wa kansa su ne: amsar tambaya guda ake kwatantawa ko jimillar tambayoyi? Rukuni nawa ne? Mutane daban ne a kowane rukuni, ko kuwa mutanen nan dai aka tambaya fiye da sau ɗaya?

4.1 Rukuni Biyu na Mutane Daban-Daban

Ga tambaya guda, gwajin da aka fi ba da shawara shi ne na Mann da Whitney na 1947, wanda ya faɗaɗa aikin Frank Wilcoxon na 1945. Ana iya yin sa da hannu, kuma yin haka sau ɗaya yana taimakawa wajen fahimtarsa.

A Kananci, wanda aka gina daidaitacciyar Hausa a kansa, wa ake sanyawa kafin kaikaitaccen karɓau idan suna ne, a kare-karen yamma irin su Sakkwatanci kuma ma ake ji. A ɗauka an ba mutum 12 wannan jumla su auna:

(4) Ya sayo ma Audu riga.
Rukunin A, masu wa: 1, 2, 2, 3, 3, 4.
Rukunin B, masu ma: 3, 4, 4, 5, 5, 5.

Matakin farko shi ne a haɗa amsoshin duka a jera su daga ƙarama zuwa babba, a ba kowace matsayi daga 1 zuwa 12. Inda amsoshi suka yi kunnen doki, sai a raba musu matsayin daidai wa daida. Amsar 1 guda ce, matsayinta 1. Amsoshin 2 guda biyu ne a gurbi na 2 da na 3, kowace ta sami 2.5. Amsoshin 3 guda uku ne a gurbi na 4 zuwa na 6, kowace ta sami 5. Amsoshin 4 sun sami 8, amsoshin 5 kuma 11.

Jimillar matsayin A ita ce 1 + 2.5 + 2.5 + 5 + 5 + 8 = 24. Ta B kuma 5 + 8 + 8 + 11 + 11 + 11 = 54. Mafi ƙarancin jimillar da mutum shida za su iya samu ita ce 21, wato 1 + 2 + 3 + 4 + 5 + 6. Idan aka ɗebe ta, A ya rage da 3, B da 33. Ƙaramar lambar, wato 3, ita ake kira U. A jadawalin gwajin, idan kowane rukuni na da mutum 6, U ɗin da bai wuce 5 ba yana nuna p ta gaza 0.05. Da yake jadawalin bai yi la'akari da kunnen doki ba, manhajar kwamfuta kan yi ɗan gyara, amma a wannan misali hukuncin bai sauya ba.

Lambar 33 ma tana da ma'ana mai sauƙi. Idan aka gwama kowane mutum na A da kowane mutum na B za a sami gwami 36, kuma a 33 daga ciki na B ne ya ba da amsa mafi girma, in an ƙirga kunnen doki a matsayin rabi. Wato kusan kashi 92 cikin ɗari. Wannan shi ne ainihin abin da gwajin ke aunawa: yawan lokutan da ɗan wannan rukuni ke zarce ɗan wancan. Littattafai da dama na cewa gwajin yana kwatanta amsar tsakiya ta rukunonin ne, amma hakan na tabbata ne kawai idan rarrabuwar amsoshin rukunonin biyu ta yi kama da juna a siffa.

Idan jimillar tambayoyi ake kwatantawa, sai a koma ga gwajin t, wanda William Gosset, ma'aikacin kamfanin Guinness a birnin Dublin, ya wallafa a 1908 da sunan aro na Student. An fi so a yi amfani da gyaran da B. L. Welch ya yi masa a 1947, domin bai buƙaci warwatsuwar amsoshin rukunonin ta zo daidai ba. Shi ne manhajar R ke bayarwa kai tsaye, SPSS kuma takan nuna sakamakon duka biyun a layi biyu.

A lura da batun yawan mutane. Da mutum uku a kowane rukuni, gwajin Mann da Whitney ba zai taɓa ba da p da ta gaza 0.1 ba, komai girman bambancin.

4.2 Rukuni Uku ko Fiye

A nan gwajin matsayi shi ne na Kruskal da Wallis na 1952. Takwaransa na matsakaici shi ne nazarin warwatsuwa, wanda manhajoji ke rubutawa ANOVA. Dukkansu suna faɗa ne kawai ko akwai bambanci a wani wuri tsakanin rukunonin, ba su nuna inda yake.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwatanta rukunonin bibbiyu ba tare da wani gyara ba. Rukuni huɗu suna ba da gwami shida. Idan kowane gwaji na da haɗarin kashi 5 cikin ɗari na nuna bambancin da babu shi, haɗarin a yi wannan kuskure aƙalla sau ɗaya a gwaji shida yana kaiwa wajen kashi 26 cikin ɗari. Hanya mafi sauƙi ta magance wannan ita ce gyaran Bonferroni, wato a raba 0.05 da yawan gwaje-gwajen, wanda a nan zai ba da 0.0083 a matsayin sabuwar iyaka. Gyaran Holm na 1979 yana ba da kariya iri ɗaya amma bai kai shi tsauri ba. Bayan Kruskal da Wallis, gwajin Olive Jean Dunn na 1964 ne aka saba bi da shi, haɗe da ɗaya daga cikin waɗannan gyare-gyare. Wannan gargaɗi ya shafi ɗalibin da ke da tambayoyi 30 kuma ya yi wa kowace gwaji daban: ko babu wani bambanci, ana sa ran ɗaya ko biyu su nuna akwai.

4.3 Mutanen da Aka Tambaya Fiye da Sau Ɗaya

A shekarar 1960, Wallace Lambert da abokan aikinsa sun gudanar da wani sanannen bincike a birnin Montreal na Kanada. Sun naɗi muryar masu jin Faransanci da Ingilishi suna karanta rubutu ɗaya da harsunan biyu, sannan suka sa masu sauraro su auna kowace murya a kan halaye irin su basira da riƙon amana, ba tare da sun san mutum ɗaya suke ji sau biyu ba. Masu sauraro daga ɓangarorin biyu sun fifita muryar Ingilishi a halaye da yawa. Wannan dabara ta zama ruwan dare a nazarin walwalar harshe, kuma ɗalibi na iya amfani da ita ya kwatanta kare-karen Hausa biyu, ko Hausa da wani harshe.

A irin wannan tsari kowane mai sauraro ya ba da amsa biyu, don haka ba rukuni biyu ne na mutane daban ba, kuma gwajin Mann da Whitney bai dace ba. Abin da ake dubawa shi ne ratar da ke tsakanin amsoshi biyu na kowane mutum. Gwajin da aka saba shi ne na Wilcoxon na amsoshi masu gwami. Sai dai a san cewa yana jera ratar ne bisa girmanta, ke nan ya ɗauka cewa tashi daga 1 zuwa 3 ya fi tashi daga 4 zuwa 5, wanda wani nau'i ne na yarda da daidaiton tazara. Wanda ba ya son wannan zato sai ya yi gwajin alama, wanda ke ƙirga mutum nawa amsarsu ta hau, mutum nawa ta sauka. Dukkan gwaje-gwajen biyu sukan ajiye waɗanda amsarsu ba ta sauya ba, kuma sai an sami aƙalla mutum 6 da amsarsu ta sauya kafin p ta iya gaza 0.05. Idan muryoyin ko jumlolin sun kai uku, gwajin da ya dace shi ne na 1937 na Milton Friedman, wanda daga baya ya sami lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki a 1976.

4.4 Gwajin Kai-Sukwaya

Ɗalibai da yawa kan yi amfani da kai-sukwaya na Karl Pearson na 1900 saboda shi aka fi koyarwa. An yi shi ne domin ma'aunin suna, don haka bai san cewa 4 ta fi 3 ba, kuma yakan kasa gano bambancin da gwajin matsayi zai gano. Haka kuma ba a dogara da shi idan yawan da ake sa rai a gidajen jadawali ya gaza 5. Amfaninsa yana fitowa ne a hali irin na misali na (3), inda siffar rarrabuwar ce ta bambanta, in dai mutanen suna da yawa.

5.0 Taƙaddamar Masana

Masana ba su daina jayayya a kan ko za a yi wa tambaya guda gwajin matsakaici ba. Tun a 1953 Frederic Lord ya yi amfani da labarin lambobin rigunan ƴan ƙwallo ya ƙalubalanci tsaurin ƙa'idar Stevens. A 2004 Susan Jamieson ta soki yadda ake ɗaukar matakai a matsayin tazara, a 2010 kuma Geoff Norman ya kare gwaje-gwajen matsakaici da cewa suna jure saɓa wa sharuɗɗansu. A wannan shekara ta 2010, de Winter da Dodou na Jami'ar Delft a ƙasar Holan sun kwatanta gwajin t da na Mann da Whitney a kan amsoshi masu matakai biyar da kwamfuta ta samar, suka tarar galibi ƙarfinsu ɗaya ne, sai fa inda rarrabuwar amsoshin ta karkace sosai ko ta yi tudu fiye da ɗaya. A ɗaya ɓangaren, Liddell da Kruschke sun nuna a 2018 cewa gwajin matsakaici na iya ganin bambancin da babu shi, ya kasa ganin wanda ke akwai, har ma ya juya alkiblarsa, kamar yadda aka gani a misali na (2).

Abin da ɗalibi zai ɗauka shi ne cewa asarar da ke cikin gwajin matsayi kaɗan ce. Ko a halin da sharuɗɗan gwajin t suka cika sarai, ingancin gwajin Mann da Whitney ya kai kusan kashi 95 cikin ɗari na nasa. Saboda haka ga tambaya guda gwajin matsayi ya fi aminci. Idan aka yi duka biyun suka saɓa, sai a koma ga jadawalin amsoshi a gano dalili, sannan a bayyana shi a kundin.

6.0 Matsalar da Ta Keɓanta da Binciken Harshe

A binciken karɓuwar jumla ba a cika ba mutum jumla guda ba. A ɗauka mutum 30 sun auna jumloli 20 kowannensu, an sami amsoshi 600. Kuskure ne babba a shigar da su gwaji kamar daga mutum 600 suka fito. Wani mai amsawa mai sassauci ne, duk amsoshinsa za su hau; wani mai tsanani ne, nasa za su sauka. Gwajin da ya ɗauki amsoshin a matsayin masu zaman kansu zai ba da p ƙarama fiye da gaskiya. Hanya mai sauƙi ita ce a taƙaita amsoshin kowane mutum zuwa maki ɗaya a kowane nau'in jumla, sannan a yi gwajin a kan mutum 30.

Akwai kuma ɗaya gefen matsalar, wanda Herbert Clark ya ja hankali a kai a 1973. Jumlolin da aka zaɓa su ma samfuri ne daga cikin ɗimbin jumlolin harshe. Idan aka gwada ma da aikatau guda kawai, ba a san ko sakamakon na ma ne ko na wannan aikatau ba. Tun bayan maƙalar Baayen da Davidson da Bates ta 2008, masana harshe suka koma ga gaurayayyen tsari, wanda ke lissafa bambancin mutane da na jumloli a lokaci guda. Ga amsoshin matakai, akan haɗa shi da tsarin da Peter McCullagh ya bayyana a 1980, wanda ke ɗaukar matakan a matsayin iyakoki da suka yanka wani ɓoyayyen ra'ayi, kuma ya ƙiyasta wurin iyakokin daga bayanan maimakon ya ɗauka tazararsu ɗaya ce. A manhajar R, wadda kyauta ce, ana yin wannan da umarnin clmm na kunshin ordinal. Wannan hanya ce ta dace idan ana so a duba tasirin abubuwa da yawa tare, kamar shekaru da jinsi da wurin tasowa. Ɗalibin da bincikensa ya kai nan ya kamata ya nemi masanin ƙididdiga tun yana tsara tambayoyi.

7.0 Bayar da Sakamako

Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa a 2016 tana gargaɗi cewa p ba ta auna girman bambanci ko muhimmancinsa. Da mutum dubu, ɗan bambancin da bai taka kara ya karya ba zai ba da p ƙarama. Da mutum goma, babban bambanci na iya ɓoyewa. Haka kuma p da ta wuce 0.05 ba ta tabbatar da cewa rukunonin ɗaya suke ba, abin da ta nuna kawai shi ne hujjar ba ta isa ba. Don haka cikakken rahoto zai ƙunshi jadawalin amsoshi, yawan mutane a kowane rukuni, sunan gwajin da dalilin zaɓensa, ƙimar p, da girman bambancin. Za a iya rubuta sakamakon misali na (4) kamar haka:

(5) Masu ma sun karɓi jumlar fiye da masu wa. Amsar tsakiya ta masu ma 4.5 ce, ta masu wa 2.5; mutum 6 a kowane rukuni; U = 3; p ta gaza 0.05. A kashi 92 cikin ɗari na gwamin da aka yi, mai ma ne ya ba da amsa mafi girma.

8.0 Kammalawa

An ga cewa lambobin ma'aunin matakai jeri suke nunawa, kuma zaɓen gwaji ya dogara ne a kan nau'in makin da yawan rukunoni da dangantakar amsoshin. Ga tambaya guda, a taƙaice:

Rukuni biyu na mutane daban: Mann da Whitney.
Rukuni uku ko fiye na mutane daban: Kruskal da Wallis, sannan Dunn tare da gyara.
Mutanen da suka amsa sau biyu: Wilcoxon ko gwajin alama.
Mutanen da suka amsa sau uku ko fiye: Friedman.
Mutane da yawa, jumloli da yawa, dalilai da yawa: gaurayayyen tsari na matakai.

Ga jimillar tambayoyi kuwa, gwajin t na Welch ko ANOVA, ko takwarorinsu na amsoshi masu gwami. Ya kamata a rubuta gwajin da za a yi a babin hanyoyin bincike tun kafin a fita fage, domin wanda ya zaɓi gwaji bayan ya ga sakamako ya riga ya ɓata ma'anar p ɗin da zai bayar.

9.0 Aikin Gida

1. Rukunin A sun ba da 2, 3, 3, 4, 5, rukunin B kuma 1, 1, 2, 2, 3. A jera matsayin amsoshin, a lissafa U, sannan a faɗi kashi nawa cikin ɗari na gwamin A ya rinjaya.

2. An sa masu sauraro 40 su auna murya ɗaya da kare-karen Hausa uku. Wane gwaji ya dace, kuma me ya sa na Kruskal da Wallis bai dace ba?

3. Wani mai bincike ya kwatanta rukuni biyar bibbiyu. Gwaji nawa ya yi, kuma mece ce sabuwar iyakar p bisa gyaran Bonferroni?